Maganar Da Na Sa A Bakin Zinariya

A duk shekarun da na yi ina ɗora murya a finafinan Turkiyya, akwai wata Laraba da har yau ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, na san kuna gunaguni a bayan idona, wai Anti Yagana ta cika tsanani, wai layi ɗaya sai ta sa a koma a binciko ma'anarsa. To ku gyara zama ku ji inda tsananin ya samo asali. Da can ni ma 'yar sharholiya ce irinku, har na fi ku rawar kai.

Bari in fara da yadda muke aiki a lokacin. Situdiyon ɗaki biyu ne kacal a saman wani shagon waya a nan Potiskum, an manna soso a bango don kada ƙarar keke-napep ta shiga rikodin. Oga Bukar shi ne mai wurin, shi ke sauko da fim daga intanet. Fim yakan zo da rubutun Turanci a ƙasa. Mai fassara ya juya rubutun zuwa Hausa a takarda, mu masu murya mu shiga ɗaki mu karanta daidai da motsin bakin 'yan wasa, sannan mai haɗa sauti ya rage muryar asali ƙasa-ƙasa ya ɗora tamu a kai. Daga nan a kai wa masu tura finafinai a waya. Kun ga ke nan a cikinmu babu mai jin Turkanci, ko mutum ɗaya.

Wani lokaci rubutun Turancin yakan yanke, a yi minti biyu ko biyar babu komai a ƙasa. A nan ake yin abin da muke kira cike gurbi. Ki kalli fuska, ki kalli hannu, ki tuna inda labari ya tsaya, ki ƙirƙiro magana. Ni kuwa a nan na yi suna. Sabon shiga yakan shekara biyu yana muryar 'yan aiki da masu wucewa, ni wata takwas na yi aka ɗaga ni zuwa babbar murya, don bakina ba ya jiran takarda. Na taɓa sa wata attajirar Istanbul ta aiki direbanta ya sayo mata kilishi, aka yi mako guda ana dariya a garin nan.

Matar da aka ba ni ita ce wadda kowa ya sani da Zinariya. Ba sunanta ba ne, mu muka laƙa mata, don na gaskiyar yana karya mana harshe. Shekara bakwai ina bin ta. Na same ta tana budurwa tana fitowa a 'yar mai shayi, a fim na biyu ta zama lauya mai bakin tsiya, a na uku ta fito a uwar 'ya'ya uku da mijinta ya ɓata a teku. Na san yadda take jan numfashi kafin ta fashe da kuka. Na san in ta ɗaga girar hagu, masifa ce ke tafe. A kasuwa Zinariya ake kirana, a gida kuma an ɗauka ina jin Turkanci kamar ruwa. In an tambaye ni sai in yi murmushi in ce, "Kaɗan-kaɗan dai." Ƙarya ce tsagwaronta, gaisuwa kawai na iya da godiya.

Babu wanda ya kai yayata, Ya Falmata, son Zinariya. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, a gidanta na unguwar Ngojin na tashi. Tana da rumfar abinci a bakin Kasuwar Shanu, shinkafa da miya da farfesun kayan ciki, direbobin tirela da dillalai ne masu cin abincinta. Ba ta yi boko ba, ba ta karanta ko sunanta. Duk wanda ya zauna a bencinta sai ta kunna masa waya ta ce, "Ka ji muryar nan? Ƙanwata ce. Yaren Turkawa take ji."

A shekarar da nake ba ku labari, Ya Falmata ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Na raka ta asibiti a nan gari. Likita ya duba, ya rubuta mata takarda ta je Maiduguri a ɗebi ɗan nama a gwada, ya kuma ja mana kunne kada mu wuce mako biyu. A keke muna dawowa, da muka kusa gida ta ce, "Gana, ni kullum ina ganin abin da mahauta ke yi da saniya. Yanka ni za su yi." Na lallashe ta har ta yarda. Muka tsayar da Litinin ta sama, zan ɗauki hutu in raka ta.

A daidai lokacin nan Zinariya ta yi wata biyar ba ta fito ba. A tsakiyar fim na uku aka nuna ta hau jirgi, shi ke nan ba a sake ganinta ba. Masu kallo suka addabe mu da tambaya, har wasu na cewa mu muka yanke ta. Ranar Alhamis da hantsi sai ga Oga Bukar ya hawo bene yana haki, kwamfuta a buɗe a hannunsa. Ya samo wani bidiyo na minti tara, babu rubutu ko layi ɗaya. Zinariya ce zaune a kujera, ta rame, babu kwalliya, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, ko silin gashi ba a gani. Ta yi magana ta yi hawaye. Ta ɗaga hoton wata tsohuwa. Ta nuna hotonta a kan gadon asibiti. Ta ɗaga hannu ɗaya sama, ta ɗora ɗayan a ƙirji tana dannawa. A ƙarshe ta buɗe tafukanta biyu.

Oga ya ce, "Yagana, kin ga abin da nake gani? Matar nan ta tuba! Ta rufe kai, ta bar fim. Dubi yadda take dafa zuciyarta. Shiga ki cike mana."

Na ce, "Oga, wannan fa ba fim ba ne. Ita ce da kanta take magana."

Ya ce, "To wa ya yi shekara bakwai yana mata murya? Duk ƙasar nan wa ya fi ki saninta?"

Maganar ta yi mini daɗi, kaina ya kumbura. Iyakar gardamar da na yi ke nan, kada in yi muku ƙarya in ce tilasta mini aka yi.

Na shiga na sa abin sauraro a kunne, na zuba. Sau ɗaya aka ɗauka. Na sa ta ce duniya ba komai ba ce, ta ga kuɗi ta ga suna ba su amfane ta ba. Tsohuwar hoton na mai da ita kakarta da ta yi mata nasiha a mafarki. Da aka zo kan hoton asibiti ina neman abin faɗa, sai maganar da ke kusa da kunnena ta fito. Na ce, "Likitoci sun ce sai sun yanka ni. Na ce ni ba saniya ba ce. Na tattara na koma gida na riƙe addu'a, ga ni yau na warke." Wallahi tallahi a lokacin ban tuna daga bakin wa na ɗauko ba. Na fito na tarar mai haɗa sauti yana share hawaye, na ji a raina yau na yi aikin da ban taɓa yi ba.

Kafin a sauko daga masallacin Juma'a washegari, bidiyon ya cika gari. Aka kira mu daga Gashuwa, daga Azare, daga Damaturu. Mata na tare ni a hanya suna sa mini albarka.

Ranar Lahadi na je Ngojin don mu haɗa kayan tafiya. Ya Falmata ta ce, "Gana, a bar tafiyar nan tukuna. Na ji sauƙi. Ana mini tofi, abin ma ya fara sacewa." Na ce, "Kin tabbata, Yaya?" Ta ce ta tabbata. To ga inda nake jin kunyar faɗa: daɗi na ji. Aiki ya yi yawa a situdiyo, sunana yana tashe, ba na son in bar gari mako guda. Ban ce ta nuna mini in gani ba. Duk lokacin da na tambaya bayan nan sai ta ce alhamdu lillahi, ni ma in ce alhamdu lillahi. Haka muka ci wata huɗu.

Sai ranar Larabar nan. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe muna tsakiyar ɗaukar murya, wata mata ta yi sallama. Ta ce sunanta Malama Asabe, tana koyarwa a sakandaren Mamudo, kuma shekara biyar ta yi tana karatu a Turkiyya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma yarda ta zauna ba. Ta ce, "Wace ce ta yi muryar bidiyon tuban nan?" Na fito da fara'ata ina gyara mayafi, na ɗauka yabo aka zo yi.

Ta ce, "Baiwar Allah, kina jin Turkanci?"

Na buɗe baki zan ce kaɗan-kaɗan, sai ta yi mini wata doguwar magana da yaren. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

Ta ce jiya wata ɗalibarta ta nuna mata bidiyon, ta kasa kunne ta ji muryar asali a ƙarƙashin tawa, ta kasa cin abinci. Ta ce wa Oga ya kunna na asalin. Ya kunna, tana tsayar da shi tana faɗa mana da Hausa, jimla bayan jimla.

Jama'a, babu tuba a ciki, babu barin fim don duniya ta ishe ta. Tsohuwar hoton mahaifiyarta ce, tela ce a wani ƙaramin gari, ita ta ɗinka mata kayan da ta fara hawa dandamali da su, kuma ciwon dajin mama ne ya kashe ta. Zinariya ta ce ita ma ta ji ƙullutu tana tsakiyar ɗaukar fim na uku, ta ɓoye wata da watanni saboda tsoron wuƙa da tsoron kada a ba wata matsayinta. Da ta je asibiti abin ya riga ya yaɗu. An yi mata aiki, ana ba ta maganin da ke zubar da gashi, dalilin ɗankwalin ke nan. Hannun da ta ɗaga sama, da wanda take dannawa a ƙirji, koya wa mata take yi yadda za su duba jikinsu da kansu. Ta ce ta fito a haka, babu gashi babu kwalliya, don ta roƙi abu ɗaya: duk macen da ta ji ƙullutu ta tafi asibiti a makon, kada ta yi jinkiri irin nata.

Malama Asabe ta dube ni ta ce, "A ƙarshe ta nemi a yi mata addu'a. Nan kaɗai kika dace."

Oga Bukar ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana ta innalillahi. Matar da nake taƙama na fi kowa saninta ta fito da ciwonta a gaban duniya don ta ceci mata, ni na karɓe bakinta na sa ta faɗi kishiyar abin da ta faɗa. Ina cikin wannan sai kalmar nan ta dawo mini: saniya. Na tuna keken, na tuna bakin da ya furta ta. Na tuna Lahadin da aka ce mini a bar tafiya. Ban san lokacin da na sauko daga benen ba, sai a titi na ga abin sauraro yana rataye a wuyana, igiyarsa na jan ƙasa.

Kun san Kasuwar Shanu ranar Laraba. Tireloli sun toshe hanya ana lodi, keke ya kasa shiga, na sauka na kutsa da ƙafa ta tsakanin shanu da masu kora. Na tarar da Ya Falmata tana zuba miya da hannun dama, na hagun ta manne shi a jiki. Sai a ranar na lura ta daɗe ba ta ɗaga hannun nan ba. Na ja ta bayan rumfa inda take wanke-wanke.

Na ce, "Yaya, ina takardar Maiduguri?"

Ta ce, "Tana cikin akwati. Lafiya kike haki haka?"

Na ce, "Don Allah ki faɗa mini gaskiya, me ya sa kika fasa tafiya?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ke da kika fassara kike tambayata? Matar da ke da kuɗin duniya, manyan likitoci a hannunta, ta ƙi wuƙa ta warke. Ni wace ce? Kullum da safe sai na saurare ta kafin in ɗora tukunya."

Na durƙusa a cikin ruwan wanke-wanken nan na ce, "Yaya, ba ta faɗi haka ba. Ni na ƙirƙira. Ba na jin Turkanci."

Ta ce, "Kamar yaya ba kya ji?"

Na ce, "Ko kalma goma ban sani ba. Fuskarta na kalla na yi ta zuba. An yi mata aiki, Yaya. Cewa ta yi a je asibiti da wuri."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Shekara bakwai, Gana? Duk mutanen da na kunna wa waya a bencin nan?" Sannan ta waiga ta ga babu kowa, ta ɗaga rigarta. Ba zan siffanta muku abin da na gani ba. Abin da aka ce mini ya sace ya ninka, fatar wurin ta canza, har hammata ya kumbura. Na ƙwalla ƙara, ita ce ma ta toshe mini baki ta ce kada in tara mata jama'a, akwai masu jiran abinci.

Washegari da sassafe muka hau motar Maiduguri. Likitar da ta karɓe mu ta duba takardar, ta duba kwanan watan da ke jiki, ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, me ya tsayar da ke wata huɗu?" Na buɗe baki zan yi magana. Ya Falmata ta riga ni, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Hidimar kasuwa ce, likita."

An yi mata aiki. An ba ta maganin, gashinta ya zube, ita ma ta koma ɗaure kai tamau. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni, Allah Ya karɓi abarSa. Har ta rasu ba ta tayar mini da maganar ba, ba ta kuma gaya wa 'ya'yanta ba. Waya ce dai ba ta sake kunna wa kowa ba. Akwai ranar da na tare likitar a baranda na tambaye ta, da mun zo tun farko, da ta tashi? Ta ce, "Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba." Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da wannan. Amma wata huɗun nan daga bakina suka fito, kuma da su nake kwana nake tashi.

Oga Bukar, in faɗi gaskiyarsa, bai yi gardama ba. Da na dawo daga Maiduguri muka zauna da Malama Asabe ta rubuta fassarar gaskiya, na ɗora murya, a farkon bidiyon na faɗi sunana na ce ni na yi ƙaryar farko. Muka bi masu tura finafinai shago-shago muna roƙo su goge tsohon. Wasu suka goge, wasu suka ce shi mutane ke nema. Na gaskiyar bai yi rabin tafiyar da na ƙaryar ya yi ba. Zinariya kuwa ba ta koma fim ba. Malama takan duba mini labarinta lokaci-lokaci, ta ce tana nan tana jinya, ni kuma ina sa ta a addu'a tare da yayata.

Abin da na koya shi ne, mu a ɗakin nan muna ɗaukar aikinmu wasa, mutanen da ke sauraronmu ba su ɗauke shi wasa ba. Matar da ba ta karatu, ba ta jin Turanci balle Turkanci, ba ta da wata hanyar sanin abin da aka faɗa sai ta bakinmu. In ta ji Hausa ta fito daga fuskar da take so, ta gama yarda. Shi ya sa na hana cike gurbi a situdiyon nan, ko na gaisuwa ne. In ba mu san abin da aka ce ba, mu ma ba za mu ce komai ba.

Kuma kada ku ɗauka abin ya wuce. Watan jiya na shiga keke, wata mata a gefena, ba za ta wuce shekara arba'in ba, tana sauraron tsohon bidiyon nan. Na ji muryata tana cewa ni ba saniya ba ce. Na ce, "Baiwar Allah, don girman Allah ki goge wannan, ƙarya ce." Ta harare ni ta ce, "Ke wace ce da za ki ƙaryata Zinariya?" Na ce ni ce na yi muryar. Don ta yarda, na juya murya na yi mata Zinariya a nan cikin keken, na faɗa mata ainihin abin da matar ta ce. Ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Kai, amma kin iya kwaikwayo!" Ta sauka a kwanar gaba, wayar na ci gaba da magana a hannunta. Ban ma samu na tambaye ta ko lafiyarta ƙalau ba.

To ku tashi mu koma aiki. Layin nan da babu fassararsa, a bar shi shiru har Malama ta zo.